Wa ke da gidan?

Wallahi tun da na fara aikin kula da tsofaffi a nan Ingila na gane wanda ya mallaki gidan tsofaffin shi ne komai. Gidan farko na kamfanin masu zuba jari ne, da dare ma'aikata kaɗan ake bari saboda a rage kashe kuɗi, tsohuwa mai ciwon mantuwa ta daina cin abinci sai kawai a kira ambulan, can asibiti za ta cika cikin baƙin fuskoki. Abin na min ciwo har yau.

Inda nake yanzu na ƙungiyar agaji ne. Tun da wuri ake zama da iyalin tsohuwa a rubuta abin da suke so idan ajalinta ya kusa, nas ta kawo maganin rage raɗaɗi, mu kuma mu zauna muna jiƙa mata leɓe. CQC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan gidaje, na zuwa dubawa, amma ai ba sa kwana da mu.