Yadda Muka Ratsa Ƙarƙashin Kwalta Ba Tare da Mun Fasa Ta Ba

Na shafe shekaru ina shimfiɗa bututun ruwa da diga da shebur, kuma duk inda layi ya zo tsallaka titi, abin da muka sani shi ne a tare hanya, a fasa kwalta, a binne bututu, a bar wa masu mota tabon da damina ɗaya za ta mayar da shi rami. Saboda haka da aka kawo mana injin da ke huda ƙasa a kwance, ban yi saurin amincewa da shi ba, ko da yake fasahar ta daɗe, domin tun 1971 Martin Cherrington ya ratsa ƙarƙashin kogin Pajaro a Kalifoniya da ita.

Injin yana tura sandunan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan na farko akwai 'yar na'ura mai aiko da sigina, wadda wani daga cikinmu ke bi a saman titi yana karanta zurfi da karkata. Idan kan ya ɓullo a ɗaya gefen, sai a faɗaɗa ramin har ya kai kusan faɗin bututun sau ɗaya da rabi, sannan a janyo bututun ta cikinsa, ana ɗura kwaɓaɓɓen yumɓun bentonayit domin ya riƙe bangon ramin ya kuma fito da ƙasa. Motoci suna ta wucewa a samanmu, ko direba ɗaya bai taka birki saboda mu ba.

Inda na kusa jin kunya shi ne wajen sanin abin da ke binne. Wata rana mun tura na'urar rada, mai hango abin da ke ƙarƙashin ƙasa, a kan titin, amma an yi ruwa a daren da ya gabata kuma ƙasar wurin laka ce, ita kuwa jiƙaƙƙiyar laka shanye siginar take yi, don haka hoton ya fito dishi-dishi. Taswirar da ke hannuna ta nuna babu komai, har na ba da umarnin a fara. Sai wani dattijon lebura ya matso ya ce, “Injiniya, a yi haƙuri a ɗan tona nan, domin ina cikin waɗanda suka binne wayar wuta a wurin nan.” Na ce, “Baba, taswira ba ta nuna ba,” amma na bari aka tona. A zurfin da bai kai ƙugu ba shebur ya taɓo jajayen bulo, kebul ɗin kuma yana kwance a ƙarƙashinsu, daidai inda kan injin zai bi. Tun daga ranar ba na barin a tayar da injin sai an haƙa ramin gwaji da hannu a bakin shiga da bakin fita.

Haɗa baƙin bututun roba ma ya koya mini haƙuri. Ana narka bakuna biyu da faranti mai zafin da ya ɗan haura digiri 200, a manne su, a jira su huce a cikin matsi. Wata rana gaggawa ta sa muka saki wani mahaɗi da wuri, ga ƙurar hunturu ta sauka a kansa, kuma da aka yi gwajin ruwa a nan ya tsage. Yanzu rumfa muke kafawa a kan injin haɗin, mu riƙe agogo, kuma kowane mahaɗi sai an rubuta masa lamba da lokacinsa a jikin bututun da farin fenti.