Ƙarfen da ba na yarda a haɗa shi da sauran tarkace

Ƙaramin kamfani gare ni, muna ƙera teburan kicin, kwanon wanke-wanke da tankunan ruwa da ƙarfe mara tsatsa, wanda masu sana'a suka fi kira sitenles. Duk yaron da ya shigo koyon aiki, kafin ya taɓa injin walda sai na fara nuna masa inda ake zuba ɓarɓashi.

Sirrin wannan ƙarfe sinadarin kuromiyam ne. Sai ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari kafin ƙarfen ya cancanci sunan. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani. Ko ka karce ta, za ta sake rufe wurin da kanta. Harry Brearley ne ya yi suna da gano wannan ƙarfe a Shefil ta Ingila a 1913.

Amma fa sitenles yana tsatsa idan aka zalunce shi, kuma a kan aikina na koyi haka. Farkon farawata na goge wani tebur da burushin wayar da muka riga muka yi aikin baƙin ƙarfe da shi. Ba a jima ba mai teburin ya kira ni, duk ɗigo-ɗigon ja sun feso. Ƙurar baƙin ƙarfen ce ta maƙale a jikinsa ta ci fatar. Na ji kunya ƙwarai, na sake aikin da kuɗina. Tun ranar burushi da faifan gurza na sitenles daban suke a wurina, an shafa musu fenti don kada a yi kuskure. Gishiri da bilic ma abokan gabarsa ne. Shi ya sa idan aikin na kusa da teku ne nake ba da shawarar nau'in sitenles mai lamba 316, mai sinadarin molibdenom, maimakon 304 da muka fi amfani da shi, wanda ke da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8.

Batun ɓarɓashi kuwa, nan ne zuciyata take. Ana narkar da tsohon sitenles a tanderun lantarki ya fito sabo, ingancinsa bai ragu ba, kuma ana iya maimaita hakan sau da yawa. Nikel da kuromiyam da ke cikin guntun da ya faɗi ƙasa suna nan da darajarsu, kuma duk wanda aka narkar ya rage wanda za a haƙo. Sharaɗin kawai shi ne a ware shi. In ya cakuɗe da baƙin ƙarfe, mai saye zai ba ka kuɗin baƙin ƙarfe, nikel ɗin kuma ya ɓace cikin narkakken da ba a buƙatarsa.

Durom uku na ajiye: ɗaya na 304, ɗaya na 316, ɗaya na 430, wanda shi ma wani nau'in sitenles ne. Maganaɗisu yana kama 430 sosai, 304 kuwa da ƙyar, sai inda aka lanƙwasa shi. Tsakanin 304 da 316 maganaɗisu ba ya raba gardama, don haka muna rubuta lambar a jikin kowane falle tun ranar da aka sauke shi, guntun da aka yanke ma a rubuta masa kafin ya shiga durom.