Talata, ranar da na buɗe akwatin shawara

Sai bayan isha'i na shigo gida, idona har yanzu yana yi mini yaji saboda kallon kwamfuta, amma gara in rubuta abin tun bai huce ba.

Wata uku ke nan ina bin Oga ya bar ni in ƙara wa Redmine ɗinmu wurin ajiye shawarwari. A cikinta muke bin kowace rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana da muka haƙa: wa aka ba aikin, yaushe za a kai famfo, wane gari ne suka bugo suka ce ruwa ya tsaya. Manhaja ce ta kyauta, wani Bafaranshe mai suna Jean-Philippe Lang ya fito da ita a 2006, kuma abin da nake so da ita shi ne tana karɓar ƙari. In akwai abin da ba ta yi, sai ka nemo fulogin, wato ƙaramar manhaja mai ƙara mata aiki, ka ɗora mata.

Dalilin nacina kuwa wani yaro ne cikin masu haɗa mana waya. Muna dawowa daga Bichi da hunturun bara, a bayan mota, ya ce mini rabin kiran da ake mana a wannan lokacin ba lalacewa ba ce, ƙura ce ta rufe farantan sola har famfo ya rasa ƙarfin ɗago ruwa. Ya ce da za a riƙa bar wa kwamitin kowane gari burushi mai laushi mai dogon hannu, a nuna musu yadda ake wankewa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, da mun huta da ƙona mai. Na ce masa ya faɗa a taron Litinin. Litinin ta zo, yana zaune a ƙarshen benci, babban Injiniya na magana, bai ɗaga kai ba. Ya rubuta a zaurenmu na WhatsApp, hotuna da gaisuwar Juma'a suka binne saƙon. Abin ya tsaya mini a rai.

Yau ƙarfe bakwai na isa ofis, kafin kowa ya fara shigar da aiki. Sabarmu, wato kwamfutar da Redmine ke zaune a kai, ƙarama ce mai tsarin Ubuntu a ɗakin ajiya. Farko na kwafe ma'ajiyar bayanai gaba ɗaya da umarnin kwafa na mysqldump, na haɗa da foldar takardun da mutane ke liƙawa, na zuba a wani faifai daban. Aikin shekaru ne a ciki, ba na taɓa shi sai da madogara. Na kuma leƙa batiran inbata, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar gyara teburan bayanai, ɓarnar ba ƙarama ba ce.

Fulogin ɗin daga GitHub na sauko da shi, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Na daɗe ina duba ko ya dace da sigarmu, saboda tun da Redmine ta 5 ta fito a 2022 ta koma kan siga ta 6.1 ta Rails, ginshiƙin da aka gina ta a kai, hanyar loda fayiloli ta sauya, tsofaffin ƙari da yawa ba sa tashi sai an gyara su. Wannan an gyara shi. Na warware shi cikin foldar plugins, na sa umarnin bundle ya kawo abubuwan da yake buƙata, na ba da umarnin rake da ke ƙirƙirar sababbin teburansa. Sai ga jan rubutu: wai ba a ga fulogin ba. Alhali ga shi ina kallonsa.

Kusan minti arba'in na yi a nan. Na duba izinin fayiloli, na duba sigar Ruby, harshen da aka rubuta Redmine da shi, duk lafiya. Da na koma na karanta saƙon a nitse, sai na ga ya faɗi sunan foldar da yake nema. In ka sauko da abu a dunƙule daga GitHub, ana liƙa wa sunan foldar sunan reshe a wutsiya, ita kuwa Redmine tana son sunan ya zama daidai da wanda aka rubuta cikin init.rb, fayil ɗin da ke gabatar da fulogin, babu ƙari babu ragi. Na yanke wutsiyar, na sake ba da umarnin, ya wuce sumul. Na taɓa fayil ɗin restart.txt don Passenger, manhajar da ke tafiyar da Redmine a sabar, ya sake tayar da ita, na shiga shafin gudanarwa, ga sunansa a jeri. Alhamdu lillahi.

Da na dawo daga azahar na shiga ainihin aikin. Na buɗe sabon aiki na sa masa suna Shawarwari, na kunna sashen a saitinsa, sannan na je wajen matsayi da izini. A nan ne ake yanke wa zai kawo shawara, wa zai kaɗa ƙuri'a, wa zai ce an karɓa ko an ajiye. Na toshe wa baƙi duka, na ba kowane ma'aikaci damar rubutawa da ƙuri'a guda. Saura akwati ɗaya da ban taɓa ba: a nuna sunan wanda ya kaɗa ƙuri'a ko a ɓoye. Wannan ba hurumina ba ne, na ɗauki kwamfuta na shiga wajen Oga.

Ya ce, “A nuna mana. Mai abin faɗa ya tsaya a kan maganarsa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sunan mai shawara zai fito, don a san wa za a gode wa. Ƙuri'ar ce nake roƙon a ɓoye. In yaran suka ga inda Injiniya ya sa tasa, can za su bi, ko da ransu bai kwanta ba.”

Ya yi shiru yana juya biro. Ya ce to ina girman manya? Na ce yana nan, tunda karɓa da ajiyewa a hannunsa da Injiniya suke. Abu ɗaya na ƙara roƙo, duk shawarar da za a ajiye a rubuta dalili ko da layi ɗaya ne. Ni a ganina wannan ya fi ƙuri'ar muhimmanci. Wanda ya cire kunya ya yi magana sau ɗaya aka yi masa shiru, ba zai sake ba. Hajiya mai riƙe da kuɗi tana gefe, ta ce, “Alhaji, ka bar shi ya gwada na wata uku mu gani.” Ya ce an bar ni.

Rubutun da ke kan maɓallan da Turanci yake, don haka na zauna na rubuta bayani da Hausa a shafin wiki, gajere, yadda mai waya a hannu zai karanta yana tsaye. Na ce a rubuta da kowane harshe, kada a damu da ƙa'ida.

Wajen la'asar yaron ya dawo daga Gezawa, duk ƙura a jikinsa. Na kira shi na miƙa masa kujera. Ya ce, “Yaya, Injiniya zai gani?” Na ce zai gani, kuma sai ya amsa. Ya jima yana kallon wayarsa, sannan ya fara bugawa da babban yatsa, yana gogewa yana sakewa. Layi biyar ya rubuta, har da kuɗin burushi yadda ya taya a Sabon Gari. Ita ce shawara mai lamba 1. Kafin a tashi ta samu ƙuri'a huɗu, ni ma ban san na su wa ba ne.

Saƙon imel na sanarwa bai fita ba tukuna. Gobe da safe zan duba fayil ɗin saiti, configuration.yml, in kuma tuna wa Injiniya ya shiga ya karanta.