Katan uku da ban manta ba

Jiya na miƙa ma Alhaji makullin shagon littattafai bayan shekara huɗu da rabi, mun rabu lafiya, amma wallahi maganar katan uku na littattafan da na sa muka kawo har yanzu tana ci na.

A watan Oktoban 2021 ne aka ba Abdulrazak Gurnah kyautar Nobel ta adabi, mutumin Zanzibar, baƙar fata da suna irin namu, ni kuma lokacin kaina ya ɗau zafi da karatu, na dinga bin Alhaji ina cewa mu kawo sabbin littattafai, ƙagaggun labarai da tarihin rayuwar mutane da waɗanda ake rubutawa kan tsuntsaye da dazuzzuka. Ya ce "kana ganin za su shiga?" na ce Alhaji malaman jami'a kaɗai sun isa su kwashe. Da bakinshi ya amince, shi ya tura kuɗin Legas. Kaya ba su iso ba sai cikin Janairu, ranar 14 ga Fabrairun 2022 malaman jami'a suka tafi yajin aiki, wata takwas cur sai Oktoba. Ɗalibai sun watse, malaman da nake taƙama da su ba albashi, wa zai sayi labarin dajin Ingila alhali gida ba masara.

Asarar ba ita ta fi yi mani ciwo ba. Gaban kwastoma Alhaji yake nuna kantar ya ce "ga aikin ɗan boko nan", kuma wata shida ana cire mani daga albashi, sai ka ce ni kaɗai na yanke shawarar. Ban taɓa ɗaga mashi murya ba, ya girmi babana.

Wanda ya buɗe mani ido wani dattijo ne, tsohon malamin gona. Ya ɗauki ɗaya daga cikin littattafan itatuwan yana jujjuyawa, ya ce "yaro, akwai gawo a ciki?" Na ce babu Baba. Ya ce itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, gero na yin kyau ƙarƙashinshi, ba wanda ya rubuta shi sai na ƙasar da ba mu taɓa gani ba? Ya aje ya fita. Daren nan na tuna mutum nawa suka zo neman littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ina ce masu babu, ko a takarda ban taɓa rubutawa ba. Mutane na gaya mani abin da suke so kullum, ni ina can ina sauraren jerin gwanayen shekara na jaridun Landan.

Na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta duk abin da aka tambaya ba mu da shi. Tarihin Katsina da Daura da na sarauta su suka fi yawa, sai rayuwar malamai. Sabon littafi kwafi biyu nake kawowa, in ya tafi a ƙaro. Duk yarjejeniya da maigida a rubuta, ko da ubanka ne. Kuma kar a jingina katan da bango, gara ba ta da mutunci.

Kantar tarihin nan yanzu ita ke bin ta JAMB da WAEC a ciniki, Alhaji na gaya ma baƙi dabararshi ce. Littafin tambayoyin na bar ma yaron da zai gaje ni, kuɗin wata shidan kuma ba a ce komai kansu ba har na fito.