Makaɗin fiyano tsakanin dandamali da talabijin

A wasan kwaikwayo na dandamali, makaɗin fiyano ido ɗaya na kan takardar kiɗa, ɗaya na kan bakin ɗan wasa. Shi ya sa mai tsara kiɗan yake rubuta 'yar gajeriyar gaɓa, bugu huɗu ko takwas, a yi ta maimaita ta har ɗan wasa ya faɗi kalmar da aka tsayar, sannan a faɗa waƙa. Yau zagaye biyu ya isa, gobe 'yan kallo su ɓarke da dariya a kai biyar. In mawaƙiya ta tashi da dusasshiyar murya, nan take ake sauke amon waƙar da rabin mataki, wato maɓalli ɗaya ƙasa. Mai fiyanon lantarki maɓalli zai danna, mai na katako kuwa sai yatsunsa. Na katakon ma da tasa rigimar: zafin fitilu yana gurɓata sautin wayoyinsa, don haka sai an ajiye shi inda zai zauna kafin a kira mai saiti.

A talabijin agogo ne ubangida. Kiɗa mai bugu 120 a minti, kowace gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa biyu take ci, ke nan fitowa mai daƙiƙa 30 gaɓa 15 ce cif. Mai tace hoto ya yanke daƙiƙa biyu, ka cire gaɓa ɗaya, shi ke nan. Ya yanke uku, lissafi ya rushe, sai ka sake saurin kiɗan ko ka cusa gaɓa mai bugu biyu. Saboda haka kada ka fara naɗa sai an tabbatar maka an gama yankan.

Sautin bidiyo a kan 48 kHz yake, wato sau dubu 48 na'ura take auna sautin a kowace daƙiƙa. Fayil na 44.1 da manhaja ta karanta a matsayin 48 zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, amon ya hau, kiɗa ya ƙare kafin hoto.

Inda sababbin shiga suka fi tafka kuskure, a ganina, shi ne kaɗa tsakiyar maɓallan fiyano 88, don nan muryar mutum take zaune. Ana magana kana kaɗa tsakiya, mai haɗa sauti zai danne ka har ba a jin ka. Koma ƙasa ko can sama, ka rage yatsu.

In ka gama naɗa, ka miƙa wa mai haɗa sauti fiyano daban, ganguna daban, sauran kayan kiɗa daban. Ka kuma cike takardar da ke nuna sunan kowane kiɗa, tsawonsa da mai shi, domin da ita ake lissafa kuɗin haƙƙin mallaka duk lokacin da aka sake nuna shirin.