Asabar, da buhunan Gwaggo

Tun azahar maganar Gwaggo ke cina. Wai doya ba ta karɓi ƙasar Gombe ba, a bar wa Tibi da Mumuye kayansu. Buhu shida ta cika da ƙasa ta shuka doya a ciki farkon Maris, huɗu ko tsiro babu.

Na ce, "Gwaggo, ki yi mini izini in tona ɗaya." Ta ce, "Tona mana ɗan nan, me ya rage a ciki?" Ina sa hannu ƙasar ta manne mini kamar kwaɓin gini, irin ya yi baƙi ya narke, sai wari. Gindin buhun ba huda ko ɗaya, ƙasar laka ce zalla da aka cakuɗa da ɗanyen kashin kaji, ga Sadiya tana juye masa bokiti safe da yamma wai saboda zafi. Ko a Zaki Biam, garin doya na jihar Binuwai, aka yi wa iri haka, ruɓewa zai yi.

Muka zauna a inuwar darbejiya na yi mata bayani tun daga tushe. Babban buhun masara ake so, domin doya ƙasa take nitsawa, a huda gindinsa da gefensa kamar wuri goma, a ɗora shi kan duwatsu ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ƙasa mai yashi-yashi kashi biyu, takin shanu da ya ruɓe ya huce kashi ɗaya. Iri kuma tsohuwar doya, wadda ta fara fitar da ido; sabuwar haƙa sai ta yi wajen wata uku tana barci kafin ta motsa. Kan doya ya fi saurin tsiro. A yanka gwargwadon dunƙulen hannu, giram 200 zuwa 300, kowane yanki da ɓawonsa, don a jikin ɓawon tsiro ke fita. A shafe yankan da toka, ya sha iska a inuwa kwana biyu, sannan a binne shi zurfin santimita 10 zuwa 15, ɓawon na kallon ƙasa. A yi masa hular busasshiyar ciyawa kada rana ta dafa shi.

Nan ta katse ni. "To ruwan fa? Wannan zafin na Afrilu ka ce in bar shi da ƙishi?" Na ce kafin ya tsiro ba shi da saiwar sha, danshi kawai yake bukata. Ta tura yatsa cikin ƙasa, in da sanyi-sanyi ta ƙyale shi. Moɗa biyu duk bayan kwana uku sun isa. Tsiro kan ɗauki mako uku zuwa shida, kada a yi ta tonawa ana leƙe. Da ya fito a kafa masa sanda mai tsawon mita biyu a wajen buhun, ba a ciki ba, kada ta soki doyar. Bayan wata biyu a zagaya masa takin zamani cikin kwalin ashana ɗaya, nesa da jijiyar.

Inda take da gaskiya shi ne damina. Doya na son wata bakwai zuwa tara kafin ganyenta ya yi rawaya ya bushe, mu kuwa ruwanmu bai cika zama ba sai Yuni, Oktoba ya ɗauke. Ban-ruwa ne ke cike giɓin. In ta sake shuka a satin nan, haƙa sai Nuwamba ko Disamba, kuma sai an ci gaba da shayarwa bayan ɗaukewar ruwa.

Biyun da suka tsiro mun huda su, mun kafa musu gora, yaɗon ya yi kore shar, har na ji daɗi.

La'asar a Pantami wajen Malam Bala. Wuta ba ta zo ba. Tuwon masara miyar kuka.

Sai da na kwanta abin ya dawo mini. Da zan fito ta ce, "Allah ya yi albarka," amma idonta na kan jarkokin da mai ga-ruwa ya sauke, kuma ba ta ce za ta sake ba. Kuɗin ruwan wata guda ta zuba wa buhunan nan. Ina tsoron gobe ta sa Sadiya ta zubar da ƙasar, alhali a baza ta ta bushe a ƙara mata yashi ne kawai. Ina da kan doya uku masu ido, da sassafe zan yanka in shafa musu toka, Litinin in kai mata.