Wayoyi biyu kacal suka buɗe mana get

Da muka sa wa get ɗin gidanmu na Jidda inji, na zaɓi madannin lambobi a waje, saboda baƙin Umara daga Kano ba sa yanke mana, kuma ba kowa za a miƙa wa rimot ba. Mai haɗawa ya kafa irin wanda komai nasa ke cikin akwati ɗaya, har da rile, wato ɗan makunnin da ke ba injin umarnin buɗewa.

Wani mai aikin wuta ne ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Ya sa sukundireba ya kwance noti biyu, ya janyo madannin daga bango, ya haɗa wayar COM da ta NO, wato wayoyi biyun da ke tashi daga rilen zuwa injin. Get ya zuge. Ko lamba ɗaya bai danna ba. Har yanzu abin na ci mini rai, domin kuɗi na biya aka ajiye mini mabuɗin gidana a bakin titi.

Gyaran shi ne a raba su. A waje a bar madanni zalla mai aika bayani ta Wiegand, wato tsarin da ke tura lambar da aka danna ta waya zuwa ciki, kwakwalwar da ke tantance lambar da rilen kuma su zauna cikin gida. Kafin ka biya, ka tambaya: ina rilen yake? In aka ce yana cikin madannin, ka bar musu kayansu. Ka nemi madanni mai IP65 aƙalla, wato ma'aunin kariya daga ƙura da ruwa, don laimar Jidda da gishirin teku suna cin ƙarfe, kuma kada ka kafa shi inda ranar la'asar ke duka.

Na'urar yatsa ban ma saurare ta ba, ƙura da gumi suna hana ta karatu. Rimot kuwa ka ɗauki na 433 MHz mai lambar da ke sauyawa a kowace dannawa, mai tsayayyar lamba ana kwafe shi cikin sauƙi.

Don baƙi na ƙara akwatin sim: ka yi masa filashin, in lambarka na cikin jerin, ya buɗe, baƙo ya tafi ka goge ta. Sai dai layin da iƙamarka, wato katin izinin zama a Saudiyya, za a yi masa rajista, kuma in ka daina sa masa kuɗi za a rufe shi. Shi ma wannan akwatin yana da rile, don haka a cikin gida na ɗaure shi, nesa da katanga. Injin kuma ka duba an rubuta 60Hz a jikinsa, shi ne na wutar Saudiyya.